Magungunan Rage Asid na Ciki: Tambayoyin da Masu Olsa da Ƙwannafi Suka Fi Yi

Da wuya rana ta faɗi ba a shiga kemis neman "maganin olsa" ba. Wani omeprazole yake so, wani farin ruwan nan na kwalba, wata kuma ta riƙo tsohon kwali ta ce irinsa za a ba ta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a bakin mutane. An sa musu lamba domin a iya komawa daga wata amsa zuwa wata.

1. Mene ne wannan asid ɗin, kuma me ya sa ake rage shi?

Tumbin duk mai lafiya yana fitar da wani ruwa mai tsananin tsami da ake kira asid. Ba cuta ba ne, halitta ce. Shi ke fara narkar da nama da sauran abinci, shi ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da muke haɗiya, kuma yana taimaka wa jiki wajen tsotsar sinadarin ƙarin jini da bitamin B12. Bangon tumbi na da wani yauƙi da ya lulluɓe shi don kada asid ya ci shi.

Matsala takan taso ta hanya biyu. Ko dai wannan kariyar ta lalace, asid ya samu tsoka ya yi ta ci har ya zama gyambo, wato olsa. Ko kuma bakin tumbi na sama ya saki, asid ya hauro ƙirji da maƙogwaro, wato ƙwannafi. A duka biyun, rage asid yana kawo sauƙi, yana kuma ba wurin da ya ji rauni damar warkewa.

2. Magungunan iri nawa ne?

Waɗanda aka fi gani iri uku ne. Na farko su ne masu kashe kaifin asid ɗin da ya riga ya fito, kamar farin ruwan magnesium trisilicate da ƙwayoyin taunawa. Waɗannan ba sa hana tumbi yin sabon asid. Suna aiki cikin 'yan mintuna, aikin kuma ya ƙare da wuri. Gaviscon yana kusa da su, sai dai shi yana yin kumfa a saman abin da ke ciki don ya tare asid kada ya hauro.

Na biyu su ne su cimetidine da famotidine. Suna toshe saƙon wani sinadari mai suna histamin, wanda ke umartar tumbi ya zubo asid. Cimetidine ne ya buɗe wannan ƙofa a Ingila a 1976, daga binciken da James Black ya jagoranta, kuma ya samu kyautar Nobel a 1988. Kafin zuwansa, tiyatar yanke wani ɓangare na tumbi ko jijiyarsa abu ne da aka saba yi wa masu olsa.

Na uku, kuma mafi ƙarfi, su ne dangin omeprazole: esomeprazole, lansoprazole, pantoprazole da rabeprazole. Likitoci na kiransu PPI. Kamfanin Astra na ƙasar Suwidin ne ya fito da omeprazole a 1988. Su ba saƙo suke tarewa ba, famfon da ke turo asid ɗin suke kashewa kai tsaye.

3. Yaushe ya kamata in sha omeprazole?

Minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, da ruwa, ciki babu komai. A nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Maganin ba ya iya kama famfon asid sai famfon yana aiki, abinci kuma shi ke tayar da shi. Ana so maganin ya riga ya shiga jini a daidai lokacin da aka fara cin abinci, famfunan su farka su tarar da shi yana jiransu. Wanda ya sha bayan ya ƙoshi, ko ya sha ya kwanta bai ci komai ba, ba zai samu cikakken amfaninsa ba.

Idan likita ya ce sau biyu a rana, na biyun kafin abincin dare ne, ba lokacin barci ba. Kada a tauna kafso, kada a daka ƙwayar. Ƙananan tsabar da ke cikin kafson an yi musu rufi ne don su wuce tumbi lafiya su narke a hanji. In aka murƙushe su, asid ɗin zai lalata maganin tun bai fara aiki ba.

4. Na sha yau ban ji sauƙi ba. Ko jabu aka ba ni?

Ba lallai ba. Omeprazole ba maganin sha yanzu magani yanzu ba ne. Kowace rana yana kashe wani kaso na famfunan, sai an jera kwana uku zuwa biyar ana sha kafin ƙarfinsa ya kai. Mai neman sauƙin gaggawa, farin ruwa ko ƙwayar taunawa ce ta dace da shi, kuma ana iya haɗa su da omeprazole a kwanakin farko.

Duk da haka jabu gaskiya ne. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a guji maganin da ya wuni a rana kan tire ko baro. Idan an sha yadda amsa ta 3 ta nuna har mako biyu babu canji, a koma wurin likita, don wataƙila abin da ke damun mutum ba asid ba ne tun farko.

5. Waɗanne alamu ne ke nuna abin ya wuce kemis?

Baƙin kashi mai yauƙi da wari kamar kwalta. Aman jini, ko amai mai kama da garin kofi. Abinci na maƙalewa a ƙirji idan an haɗiya. Rama ba tare da dalili ba. Amai da ya ƙi tsayawa. Jiri, haki da farin ido na ƙarancin jini. Ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ciki ya ƙame kamar katako, wanda kan nuna gyambon ya huje. Haka nan wanda ya haura shekara hamsin sannan ciwon ya fara masa a karon farko. Duk waɗannan asibiti suke buƙata, wasunsu a daren da suka faru.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ciwon zuciya da ake ɗauka olsa ce. Nauyi ko matsi a ƙirji da ke tafiya hannun hagu, wuya ko muƙamuƙi, tare da gumi da haki, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga, ba a ba shi omeprazole a ce ya kwanta. Sannan maganin rage asid na iya lafar da zafin kansar tumbi na wani lokaci alhali cutar na ci gaba. Shi ya sa likita kan tura mai irin waɗannan alamu a leƙa cikinsa da na'urar nan mai kyamara da ake zurawa ta baki.

6. Tsakanin omeprazole, esomeprazole da rabeprazole, wanne ya fi?

Ga yawancin mutane bambancinsu kaɗan ne, bai kai bambancin farashinsu ba. Omeprazole miligiram 20 da aka sha a kan lokaci ya fi mai tsadar da aka sha yadda aka ga dama. Inda zaɓi ke da muhimmanci shi ne idan mutum na shan wasu magunguna, kamar yadda amsa ta 12 ta bayyana.

7. Wannan maganin yana warkar da olsa ne, ko danne ta kawai yake yi?

Gyambon kansa yana warkewa. Na farkon hanji yakan ɗauki kimanin mako huɗu, na tumbi kuma har mako takwas. Amma in ba a kawar da abin da ya haddasa shi ba, zai dawo. Manyan sababan olsa biyu ne: ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori, da magungunan ciwon jiki, waɗanda amsa ta 9 ta yi magana a kansu. Yunwa, barkono da damuwa na iya tayar da zafi, amma ba su ne tushen gyambon ba.

An daɗe likitoci na ganin babu ƙwayar cutar da za ta rayu a cikin asid na tumbi. Wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, su ne suka nuna akwai ta a farkon shekarun 1980. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ruwan da aka raini ƙwayar a ciki a 1984, tumbinsa ya kumbura cikin 'yan kwanaki. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Ƙwayar takan shiga mutum tun yana yaro, ta ruwan sha, abinci da cuɗanyar gida, kuma ta yawaita ƙwarai a ƙasashenmu. Akasarin masu ɗauke da ita ba sa jin komai, amma ga wasu tana jawo olsa, ga kaɗan kuma kansar tumbi.

Omeprazole shi kaɗai ba ya kashe ta. Ana haɗa shi ne da magungunan kashe ƙwayoyin cuta aƙalla biyu, irin su amoxicillin, clarithromycin ko metronidazole, wani lokaci a ƙara bismuth, yawanci na kwana 14. Wannan haɗin yana da ɗaci a baki, yana iya sa gudawa, kuma mutane kan watsar da shi a kwana na biyar da zarar sun ji sauƙi. Yin haka yana barin ƙwayar da rai, ta kuma koyi jure maganin. Ni a ganina, wanda ya shekara biyar yana sayen omeprazole bai taɓa gwajin wannan ƙwayar ba, an bar shi cikin wahalar da mai yiwuwa mako biyu za su raba shi da ita.

8. Wane gwaji ake yi, kuma me ya sa aka ce in daina magani kafin in yi?

Gwajin bahaya da gwajin numfashi su ne ke nuna ko ƙwayar na nan a yanzu. Gwajin jini yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ita ne kawai, yana iya ci gaba da nunawa ko bayan an kashe ta, don haka ba a amfani da shi wajen tabbatar da warkewa.

Omeprazole da danginsa suna rage yawan ƙwayar har ta ɓuya wa gwaji. Saboda haka ake so a dakatar da su mako biyu kafin gwajin bahaya ko na numfashi, magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma mako huɗu. A wannan tsakanin farin ruwa na iya riƙe mutum. Bayan kammala haɗin da aka ambata a amsa ta 7, ana sake gwaji bayan aƙalla mako huɗu.

9. Me ya haɗa maganin ciwon jiki da olsa?

Ibuprofen, diclofenac, piroxicam da asfirin suna rage zafi ne ta hanyar hana jiki yin wasu sinadarai, waɗannan sinadaran kuma su ne ke sa tumbi ya yi yauƙin da ke kare shi. Lebura, manomi, ɗan acaba da tsohuwa mai ciwon gwiwa, duk wanda ke sha kullum yana kankare kariyar cikinsa. Garin Alabukun ma asfirin ne da sinadarin kafeyin, irin na kofi, a cikinsa. Mafi haɗari shi ne "haɗi" da ake ƙullawa a leda, inda za a tarar da irin waɗannan biyu ko uku a haɗe, wani lokaci har da prednisolone ko dexamethasone. Shan su ta allura ko bayan cin abinci bai kawar da haɗarin ba, domin ta jini suke yin ɓarnar.

Mai olsa ya tsaya ga farasitamol. Wanda kuma dole ne ya sha asfirin saboda zuciya, kada ya daina da kansa. Irinsa ne likita kan rubuta wa omeprazole na dogon lokaci ko da ba ya jin ciwon ciki, don kariya daga zubar jini.

10. Ina ranitidine ya shiga? Da shi na saba.

An janye shi. A 2019 aka gano wani gurɓataccen sinadari mai suna NDMA a cikinsa, wanda ake zargi da jawo cutar kansa, kuma yawansa na ƙaruwa idan maganin ya daɗe a ajiye ko ya sha zafi. Ƙasashe suka yi ta janye shi, a watan Afrilun 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta nemi a kwashe shi daga kasuwa. Wanda ya samu tsohonsa a gida ya rabu da shi. Famotidine ɗan gidansu ne, aikinsu ɗaya, kuma wannan matsalar ba ta shafe shi ba.

11. Akwai illa idan na daɗe ina sha?

Na ɗan lokaci, waɗannan magunguna suna cikin masu sauƙin illa: ciwon kai, gudawa ko taurin bahaya, kumburin ciki. Wanda ya saya da kansa don ƙwannafi kada ya wuce kwana 14 bai ga likita ba.

Shekara da shekaru kuwa magana ce daban. Tunda asid na da aikin da yake yi, kamar yadda aka faɗa a amsa ta 1, rashinsa na dogon lokaci na iya rage bitamin B12, sinadarin ƙarin jini da magnesium a jiki. Ƙarancin magnesium na kawo ɗaurewar tsoka da rikicewar bugun zuciya. An kuma danganta daɗewa a kansu da saurin karayar ƙashi ga tsofaffi, da saurin kamuwa da cututtukan gudawa, domin mai gadin ƙofa ya yi barci. Ga mutane ƙalilan suna taɓa ƙoda. Cimetidine kuma, in an daɗe ana shan mai yawa, yana iya kumbura nonon namiji ya rage masa sha'awa.

Wannan ba dalilin firgita ba ne ga wanda likita ya ɗora a kai saboda hujja, kamar wanda gyambonsa ya taɓa zubar da jini ko maƙogwaronsa ya ƙone sosai. Gare shi amfanin ya rinjayi illar. Gargaɗin na wanda ya mayar da omeprazole kamar goro ne, ba wanda ya taɓa tambayarsa dalili.

12. Ina shan wasu magunguna. Za su yi karo?

Suna iya yi. Farin ruwa da ƙwayoyin taunawa, saboda magnesium, aluminium ko calcium da ke cikinsu, suna damƙe wasu magunguna a hanji su hana su shiga jini. Daga ciki akwai ciprofloxacin, doxycycline, ƙwayar ƙarin jini, da dolutegravir wanda ke cikin maganin da mafi yawan masu ɗauke da HIV ke karɓa yanzu. Mai shan dolutegravir ya sha shi awa biyu kafin farin ruwa, ko awa shida bayansa.

Omeprazole da esomeprazole suna raunana clopidogrel, maganin hana daskarewar jini da ake ba masu ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, shi ya sa akan sauya musu zuwa pantoprazole. Dangin omeprazole gaba ɗaya ba sa tafiya da atazanavir da rilpivirine na HIV, suna kuma rage shigar ketoconazole, maganin cututtukan fangas. Cimetidine ya fi kowa rigima: yana sa warfarin na hana daskarewar jini, phenytoin na farfaɗiya da theophylline na asma su taru a jini. Hanya mafi sauƙi ita ce a zuba duk magungunan da ake sha a leda a kai wa likita ko mai harhaɗa magani ya gani da idonsa.

13. Yaya zan yi da azumi?

Mai shan sau ɗaya a rana ya tashi da wuri, ya sha rabin awa kafin sahur. Mai sau biyu ya sha na biyun da ruwa a lokacin buɗa-baki, ya ci dabino, ya yi sallar magariba, sannan ya zauna ga abinci mai nauyi. Abin da ke tayar wa masu azumi ƙwannafi sau da yawa shi ne cika ciki da soye-soye da shayi mai kauri, da komawa shimfiɗa nan take bayan sahur.

Wanda gyambonsa sabo ne bai warke ba, ko ya taɓa zubar da jini ko hujewa, ya ga likita tun cikin Sha'aban. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame ya rama daga baya.

14. Mai juna biyu da yara fa?

Ƙwannafi abokin tsohon ciki ne, saboda mahaifa na tura tumbi sama, bakin tumbin kuma ya saki. Akan fara da cin abinci kaɗan-kaɗan, da ɗaga wajen kai idan za a kwanta, sannan Gaviscon ko ƙwayar taunawa. In bai isa ba, likita na iya ba da omeprazole. A raba lokacin farin ruwa da na ƙwayar ƙarin jinin awo. Akwai wani magani mai suna misoprostol da ke kare tumbi, wani lokaci a haɗe da diclofenac a ƙwaya ɗaya. Yana zubar da ciki, mai juna biyu kada ta kusance shi.

Tumbuɗin jariri mai shan nono da ƙiba ba ciwo ba ne, yakan wuce da kansa. Ba a ba yaro waɗannan magunguna sai da umarnin likita, don da nauyin jikinsa ake auna masa.

15. Jiƙon kanwa da madara ba za su wadatar ba?

Kanwa na kashe kaifin asid nan take, shi ya sa ake gyatsa a ji sanyi. Amma gishirin sodium ne a cikinta, babu mai iya auna yawan abin da ya sha, kuma ba ta da kyau ga mai hawan jini, ciwon ƙoda, ciwon zuciya ko juna biyu. Madara tana sanyaya ciki na ɗan lokaci, daga baya ta sa tumbi ya ƙara zubo asid. Babu ɗayansu da ke kashe ƙwayar da aka yi bayani a amsa ta 7.

Abin da ke taimakawa da gaske: barin taba, rage goro da kofi ga wanda suke tayar wa, bari awa biyu zuwa uku tsakanin tuwon dare da kwanciya, kwanciya ta ɓarin hagu, da rage teɓa.

16. Allurar omeprazole ba ta fi ƙwaya ƙarfi ba?

Ga wanda zai iya haɗiya, a'a. Allurar ta wanda aka kwantar ce, yana aman jini ko ba ya iya shan komai ta baki. Yin ta a gida ko a kemis ƙarin kuɗi ne da haɗarin allura ba tare da ƙarin amfani ba.

17. Duk lokacin da na daina sai zafin ya dawo fiye da da. Jikina ya saba ke nan?

Ba irin sabon ƙwayar maye ba ne. Idan an daɗe ana danne asid, jiki na ƙara fitar da wani sinadari mai suna gastrin don ya zaburar da tumbi. Da zarar an cire maganin farat ɗaya, tumbin da aka zaburar sai ya zubo asid fiye da ƙima. Mutum ya ɗauka olsarsa ce ta dawo, ya koma kemis, haka za a yi ta zagaye. Wannan tashin yakan ɗauki mako biyu zuwa 'yan makonni sannan ya lafa.

Wanda ya wuce wata biyu yana sha, ya sauka a hankali. Mai shan sau biyu ya koma sau ɗaya, mai miligiram 40 ya koma 20, daga nan ya riƙa tsallake rana na mako biyu ko fiye. Idan zafi ya taso a tsakani, ya tare shi da farin ruwa ko famotidine. In bayan wata guda ciwon na nan daram, lokacin gwajin amsa ta 8 ya yi. Waɗanda aka ambata a ƙarshen amsa ta 9 da ta 11 kuwa, wato masu shan asfirin don zuciya da waɗanda suka taɓa zubar da jini, kada su rage ko ƙwaya ɗaya sai likitan da ya ɗora su a kai ya amince.